Agogon da Ke Gaba da Minti Bakwai

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:25 na yamma

Ina zaune a matakala ta uku daga ƙasa, a bayan gidanmu, inda ba a jiyo ƙarar kilifa daga shago. Wayata a kashe take tun ƙarfe 1:10. Wannan littafin ragowar na darasin ƙididdiga ne na shekarar ƙarshe. Na yage shafi goma sha ɗaya da na riga na yi rubutu a ciki, saura sittin da tara.

Abin da na tabbatar kawai zan rubuta.

Wata bakwai ke nan da na gama digiri. Ina da shafi a intanet inda nake rubutu kan neman aiki. Masu karantawa ba su cika wuce arba'in ba, tara daga cikinsu na san su ido da ido. Ranar Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe 9:15 na safe, na saka wani rubutu mai suna "Hannun Mahaifina". Kafin in goge shi jiya da rana, mutum 6,212 sun buɗe shi.

Baba mai aski ne, shekara talatin da ɗaya. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ta gaba. A ranakun aiki yakan yi wa mutum goma sha huɗu aski, in an ɗauki matsakaici. Yau, zuwa ƙarfe huɗu, biyar.

Tun ranar Asabar da tsakar rana bai yi mini magana ba.

Ban sa sunan kowa a rubutun ba. Na duba sau uku kafin in saka.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 7:40 na safe

Ya kamata in rubuta yadda abin ya fara, don kada nan gaba in gyara wa kaina labarin.

Akwai shirin nan na talabijin da ake tara mutum goma sha biyu a gida ɗaya, kyamara a kowace kusurwa, duk mako a sallami ɗaya. Yayata tana aiki a kamfanin da ke yin shirin, a ɗakin tace hoto. Shi ya sa Baba ba ya yarda a canza tasha in an fara, ko da ƙwallo ake yi. Ƙarfe biyar na yammacin Talata ake maimaitawa, shago kan cika har da waɗanda ba aski ya kawo su ba.

Talatar makon jiya wata 'yar takara, wadda kowa ke kira Nas, ta shiga ƙaramin ɗakin da ake zama a kujera a yi wa kyamara magana. Ta ce sau biyu tana faɗuwa jarrabawar ƙarshe, shekara guda tana sa fararen kaya da safe tana fita, mahaifiyarta na zaton asibiti take zuwa. Baba Kofur, tsohon ɗan sandan da ya mai da kujera ta biyu tasa tun ina firamare, ya goge ido ya ce hodar aski ce ta shiga masa.

Sai ya juyo gare ni. "Digiri, ka ga mai zuciya? Kai me kake ta dannawa a wayar nan dare da rana? Yadda ake cike fom?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma na kwana da maganar. Na ce abin da shafina ya rasa ke nan: mutum ya buɗe cikinsa ya faɗi gaskiya. Na zauna zan rubuta tawa gaskiyar. Na rubuta layi biyu a kan hawa na uku, na goge.

Sai na rubuta ta Baba.

Batun hawa na uku ba yau ba.

Talata, ƙarfe 6:05 na yamma

Mutum shida aka yi wa aski yau. An kunna shirin, mutum uku ne suka kalla.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 2:30 na rana

Ga abin da na rubuta a farkon rubutun, ina da shi a ka:

"Mahaifina yana da shago mai kujera biyu, ɗaya ja ɗaya baƙa. Madubinsa ya tsage a kusurwar hagu ta sama. Agogon bangonsa yana gaba da minti bakwai tun kafin a haife ni. Wata huɗu ke nan na lura hannunsa na dama yana rawa in ya zauna kallo. Yakan ɗora na hagu a kai ya danne, yana zaton ba wanda ya gani. Ina tsoro."

Na cire sunansa, na cire sunan layi, na cire sunan gari. Abin da na kasa yi shi ne in mai da bakwai ta zama biyar, ko in ce kujerar kore ce. Na gwada. Na sa "minti goma", na kalle shi, na ji kamar na yi ƙarya a gaban alƙali, na mayar. Shekara huɗu ana koya mini kada in taɓa lamba.

Duk unguwar nan babu wanda bai san agogon nan ba. Har a gidajen mutane ana cewa, "Agogonka na mai aski ne?" in mutum ya zo da wuri.

A ƙasan rubutun mutane sun yi ta addu'a. Wasu sun ce na sa su kuka. Mutum goma sha ɗaya sun faɗi sunan ciwon, suna huɗu daban-daban. Biyu sun ce suna sayar da maganinsa. Na ji daɗi, dole in rubuta wannan: ranar Alhamis da Juma'a na ji daɗi ƙwarai. Ina ta sabunta shafin ina kallon lambar tana hawa.

Sai wani ya rubuta: "Ai wannan shagon da ke kusa da mai facin taya ne. Allah ya kiyaye wuyanmu."

Laraba, ƙarfe 5:50 na yamma

Asabar ɗin kuma ga yadda ta kasance. Ina kan benci. Direban motar makaranta ya zo, wanda ya fi shekara goma yana zuwa. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle. Ya ɗaga kai ya kalli agogo, ya kalli tsagar madubi.

"Maigida, yau a bar reza. Kilifa kawai."

"Gyaran fuskar fa? Gobe ba ka da taro?"

"A bar shi dai."

"Wani abu na yi maka?"

Direba ya yi ta kame-kame, daga baya ya zaro waya daga ƙarƙashin ƙyallen ya miƙa. An saka hoton rubutun a guruf ɗin 'yan unguwa. Baba ya sa tabarau ya karanta a tsaye, tun daga sama har ƙasa. Minti shida. Ya mayar da wayar, ya ƙarasa askin, ya kaɗe wa mutumin wuya, ya ce ya gaida gida.

Sannan ya jawo ƙaramin tebur, ya hau, ya sauko da agogon, ya duba na hannunsa, ya mayar da allurar baya da minti bakwai. Ya rataye.

Bai kalle ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Na gaishe shi da safe. Ya ɗaga hannun hagu.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 9:20 na safe

Umma tana wanke tawul-tawul na shago a tsakar gida. Na durƙusa zan taya ta matsewa. Ba ta hana ni ba.

"Auta, tun yaushe ka ga hannun?"

"Wata huɗu, Umma."

"Ni wata tara. Ka ji na faɗa wa ko maƙwabciyarmu?"

Na ci gaba da matse tawul.

"Ka tambaye shi? Ka ce Baba, me ke damun hannunka?"

"A'a."

"Ba ka iya tambayar mutum ɗaya ba, amma ka iya faɗa wa dubu shida."

"Dubu shida da ɗari biyu da sha biyu," na ce. Wallahi ban san ya fito ba.

Ta ajiye tawul ta kalle ni, kallo mai tsawo. Sai ta fashe da dariya, har ta dafa bokiti. Daga dariyar ta wuce wani abu dabam, ta juya mini baya ta ce sabulu ne ya shiga mata ido. A gidan nan kowa abu ke shiga masa ido.

Ta ce wata tara tana lallaɓa shi ya je asibiti. Saura kaɗan ya yarda, ni kuma na zo na yi wannan. Yanzu ya ce in ya je, ya tabbatar wa gari ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Asabar takan kai ashirin da biyu. Yau bakwai, biyu yara ne, iyayensu suna tsaye a kansu suna kallon hannunsa.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 3:15 na yamma

Baba Kofur kullum sai ya zo a yi masa gyaran fuska da reza. Kullum. Gemunsa duka bai kai a ƙirga da yatsu ba. Yau ya bar ƙofa a buɗe, ya ɗaga haɓa yana magana da ƙarfi don 'yan kan layi su ji.

"Maigida, kankare! Harsashi bai kashe ni ba, rezarka ce za ta kashe ni?"

"Kai da ka yi ritaya a ofishin ajiye takardu, ina ka ga harsashi?" in ji Baba.

Shi ne karo na farko da na ji muryarsa ta wasa a kwana takwas. Ina bayan labule, ban shiga ba.

Da Kofur zai tafi ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Digiri, ni na tsokane ka ranar nan, na sani. Amma ce maka na yi ka yi irin na yarinyar. Ita kanta ta tona, ba ubanta ba."

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na yamma

Yaya ta zo da safe ta ce in sa takalmi. Ba ta ce ina za mu ba sai da muka sauka a bakin kamfaninsu.

Ɗakin tace hoton ba shi da taga. Allon kwamfuta uku, kujera biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigo a cikin roba. A bango an jera hotunan 'yan takara, an ja layi a kan huɗun da aka sallama. Ta zaunar da ni ta buɗe wani abu.

"Maganar Nas da ta rikita ka, minti nawa ce?"

"Uku da daƙiƙa arba'in."

"Ta gaskiyar minti hamsin da biyu ce. Ni na yanka."

Ta nuna mini dogon layin a allo, ƙananan guntaye masu launi a tsakiyar toka-toka mai yawa. Ta ce a cikin tokar nan Nas ta yi maganar yayanta, ta yi maganar wata malama da ta tsane ta, ta faɗi ciwon mahaifiyarta. Duk an zubar. Ta tsayar da hoton daidai inda Nas ta ɗaga hoton mahaifiyarta ga kyamara. Ban taɓa lura ba: an dusashe fuskar uwar, ba a gane ta.

"Me ya sa?"

Ta jawo wani fayil mai kauri ta dire mini a cinya. Takardun amincewa ne, kowa da sa hannunsa, har mai kawo musu ruwa.

"Uwar ba ta sa hannu ba. Kuma kada ka ɗauke mu waliyyai, Auta. Lauyoyi muke tsoro. Muna zaune a nan muna jiran mutum ya yi hawaye, in ya yi mu sa masa kiɗa a ƙasa. Aikin da nake ci da shi ke nan, ba na ɓoyewa. Amma ko mu, da duk rashin kunyarmu, wanda ya shiga ɗakin da ƙafarsa ya zauna a kujera, shi muke ɗauka. Nas sai da ta yi mako tana cewa za ta faɗa, ba za ta faɗa ba. Ta kira uwarta a waya tun kafin a haska."

Na rufe fayil ɗin.

"A rubutunka, wa ya zauna a kujerar?"

"Baba."

"Wa ya zaunar da shi?"

Ruwan na'urar ya ɗiga sau tara kafin ta sake magana. Ta ce a gidan shirin akwai wani ɗan ɗaki na ajiye tsintsiya, babu kyamara a ciki, an yarda kowa ya shiga na minti goma a rana. Ta ce ta lura masu shiga ɗakin sun fi daɗewa a gasar. Masu zubar da komai a makon farko, zuwa mako na uku ba su da sauran abin da yake nasu, sai su fara ƙirƙira.

Muna fita ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ƙawata tana aiki a hukumar nan ta hawa na uku. Ta ce sau uku aka kira sunanka ranar intabiyu, babu kowa."

Na ce motarmu ta zo.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 8:10 na safe

Ban yi barci sosai ba. Agogon shago yana daidai. Duk wanda ya shigo sai ya kalle shi sau biyu.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe 1:45 na rana

An rufe shago da safe, karo na farko a ranar aiki tun rasuwar kakata. Baba da Umma sun fita ƙarfe 7:30, sun dawo 12:50. Ban san abin da Umma ta faɗa masa ya yarda ya je asibiti ba. Ya dawo da farar ambulan. Ya shiga shago ya sa ta a aljihun tebur na biyu, inda yake ajiye sababbin reza. Aljihun ba shi da makulli.

Umma ta ce, "Sai mu gode wa Allah." Ban gane ko wace irin godiya ba ce.

Laraba, ƙarfe 4:00 na yamma

Baba ya fita masallaci. Ni kaɗai ne a gaban tebur ɗin na minti goma sha biyu. Ban buɗe ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 4:05 na yamma

Ban buɗe ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 10:30 na safe

Na rubuta ban haƙuri da zan saka a shafi. Kalma ɗari uku da sittin. Na ce mahaifina gwani ne, bai taɓa yankar kowa ba, ya je asibiti, mutane su dawo. Na tura wa Yaya ta duba.

Amsarta layi ɗaya: "Ka sake zaunar da shi, har da asibitinsa."

Na goge.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 6:20 na yamma

Shida. Na ga Direba ya fito daga sabon shagon da ke bakin titi. Ya gan ni, ya tsaya duba tayar motarsa da babu abin da ya same ta.

Mai facin taya ya ce mini wai an ce Baba ya yanke wa wani kunne. Na ce wa? Ya ce wani dai. Yaushe? Kwanaki. Na ce babu wannan a rubutuna. Ya ce, "To ai ba rubutunka ake karantawa yanzu ba, Digiri, labari ake yi."

Na goge abu tun ranar 4 ga wata, amma yana ta haihuwa.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

To. Hawa na uku.

Matakala hamsin da huɗu ne daga ƙofar shiga zuwa ofishin. Na je ranar 19 ga Fabrairu, ƙarfe 8:40, minti ashirin kafin lokaci, da riga mai guga da takarduna a jere. Na hau duka. Na ga ƙofar, launin ruwan ƙasa, an manna takarda an rubuta a ƙwanƙwasa. Ƙirjina ya riƙe, tafin hannuna ya jiƙe, na ji kamar iskar wurin ta ƙare. Na ce bari in sauka in sha ruwa. Na sauka, na yi ta tafiya har tashar mota. Na zauna a can awa uku don lokacin ya yi daidai da na wanda ya yi intabiyu.

Na dawo gida na ce, "Sun ce za su kira." Baba ya ce Allah ya sa a dace, ya ba ni sabon turaren aski wai na shiga ofis.

Haka na sake yi a wani kamfani ranar 12 ga Maris. Haka a wani ranar 9 ga Afrilu. Wannan ko ginin ban shiga ba.

Duk wannan lokacin ina rubuta wa mutum arba'in shawarar yadda ake shirya wa intabiyu.

Hannuna ne ke rawa yanzu. Nawa.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 6:15 na yamma

An sallami Nas daga gasar. Kofur ya ce maguɗi ne, ya ce a kira masa yayata ta yi bayani. Da Nas za ta fita daga gidan, wata tsohuwa ta tarye ta a ƙofa, fuskarta a bayyane sarai. Ke nan uwar ta sa hannu.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 11:30 na safe

Na mai da abin da na rubuta ranar Lahadi rubutun shafi. Yaya ta karanta ta ce, "Wannan naka ne." Sai ta ƙara da cewa akwai mutum biyu a ciki da na yi wa ƙarya, kada su ji a bakin mai facin taya.

Na cire turaren. Wannan na ɗakin tsintsiya ne. Na canza sunayen watanni, na bar hamsin da huɗu. Canza watannin ya ɗauke ni minti arba'in, ina yi ina zufa.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na yamma

Bayan la'asar babu kowa a shago. Baba yana ɗiga wa kilifa mai. Na roƙi Umma ta zo, ta tsaya a bakin labule da ludayi a hannu. Na durƙusa kusa da baƙar kujera na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini. Kuma akwai abin da nake so in karanta muku. In kun ce kada ya fita, ba zai fita ba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na karanta. Minti biyar da rabi. A wajen tashar mota na tsaya, na ci gaba.

Umma ta ce, "Innalillahi. Awa uku a tasha? Ka ci wani abu kuwa?"

Baba ya goge kilifar da tsumma, ya ajiye.

"Matakala nawa ka ce?"

Kwana ashirin rabon da ya yi mini magana.

"Hamsin da huɗu, Baba."

"Ka hau duka?"

"Duka."

"To ai ƙofa kawai ta rage maka."

Ya juya ga Umma ya tambaye ta ko ta yarda a saka. Ta ce in dai za a cire inda aka ce tana yi mini guga, don mutane kada su ce ta lalata ni. Ya ce shi ma ya yarda, tunda nawa ne.

Na tashi zan fita, ya ce, "Tsaya. Rubutunka na farko akwai kuskure a ciki."

"A ina?"

"Kai da ba ka kuskure." Ya kama kaina ya juya shi gefe, kamar yadda yake yi ina ƙarami. "Wa ke yi maka wannan ɓarnar?"

Na faɗa masa: wani shago kusa da jami'a. Shekara huɗu da wata biyar ban zauna a kujerarsa ba. Na ce masa wai salon zamani nake so. Bai taɓa cewa komai ba a kai.

"Gobe ƙarfe goma," ya ce. "Lokacin da layi ya cika."

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 12:10 na rana

Na zauna a jar kujera ƙarfe goma daidai. Baba ya buɗe ƙofa gaba ɗaya ya tare ta da dutse. Kofur yana tasa kujerar. Mai facin taya ya leƙo, ya kira wasu. Direba ya zo wucewa ya tsaya daga nesa, hannu a aljihu.

Kafin ya fara, ya tsaya a bayana, hannunsa a sake a gefensa. Na gan shi a madubi, ƙarƙashin tsagar. Yana rawa. Bai danne shi ba. Ya bari kowa ya gani.

Sai ya ɗauki kilifa. Rawar ta tsaya.

Kuskuren ke nan. Na rubuta yadda hannun yake in yana zaune ba ya komai, ban san yadda yake in ya riƙe abin aiki ba, don ban zauna na gani ba.

Ya gama da kilifa, ya ɓare sabuwar reza daga aljihun tebur na biyu. Na ga gefen farar ambulan, na kau da ido. Ya shafa mini kumfa, ya ɗaga haɓata da yatsa biyu.

"Kada ka ƙirga komai," ya ce a hankali. "Zauna kawai."

Kofur ya zaro waya. "Bari in ɗauka, mu ma mu yi namu shirin."

"Ajiye wayar nan, Kofur."

"Ko a dusashe fuskar Digiri? Ai da an taimaki jama'a."

Aka yi dariya har waje. Ni ban iya ba, reza tana kan maƙogwarona. Na ji ta tana hawa a hankali, sanyi, daidai, babu gargada. Ƙirjina ya fara riƙewa irin na hawa na uku. Na zauna. Ya wuce.

Da ya zo bayan kunnen hagu na ji zafi kaɗan. Ɗigon jini ɗaya. Ya danna auduga da sifirit, ya kaɗe mini wuya, ya cire ƙyalle.

"Na gaba," ya ce.

Sai Direba ya shigo yana cewa dama sauri yake yi, kilifa kawai. Da ya zauna kuma ya ce to, a ɗan taɓa gefen gemun.

Na tambayi Baba ko in rubuta abin da ya faru yau a shafi. Ya ce a'a. Na ce to. A nan kawai zai zauna.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe 8:00 na safe

Jiya goma sha ɗaya. Rabin Asabar ɗin da, amma goma sha ɗaya. Rubutuna na hawa na uku ya fita jiya da yamma, mutum 58 sun karanta, uku sun rubuto cewa su ma haka. Ƙawar Yaya ta ce hukumar za ta sake intabiyu ranar Laraba, ƙarfe tara, sunana yana ciki.

Da na shiga share shago yanzu, na duba agogon bango na duba wayata. Yana gaba da minti bakwai.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba:

1. Abin da ke cikin farar ambulan. In ya ga dama zai faɗa.

2. Wanda ya fara saka rubutun a guruf ɗin unguwa. Na daina nema.

3. Ko sauran goma sha ɗayan za su dawo, da kuma tsawon lokacin da hannun zai ci gaba da tsayawa in ya riƙe reza.

4. Dalilin minti bakwai ɗin tun asali. Umma ta sani, ta yi murmushi ta ce ba nawa ba ne.

5. Ko zan ƙwanƙwasa ƙofar ranar Laraba.

6. Yankan bayan kunnena, hannun ne ko da gangan ne. Na tambaye shi, ni da shi kawai. Ya ce, "Kai ka motsa."

Ban motsa ba.